Ƙoƙon Sunaye

Nasiru, autan yayata Hajo, ya samu aikin koyarwa a jami'a bana. Ranar da takardarsa ta fito ya hau moto, wato babur, ya taho Madarumfa, ya same ni a garka ina cire wa albasa ciyawa. Muka yi murna, muka yi addu'a, sannan ya miƙe ƙafafu a kan tabarmata ya ce, "Kawu, ashe haka kuka sha daɗi shekara da shekaru ba ku hwaɗi ba. Awa shida a sati! Ka kunna na'ura, ka karanta abin da ya hito a bango, ka tahi gida ka kwanta."

Shekara ashirin da bakwai na yi ina koyar da ilimin ƙasar noma da ban ruwa, farko a Yamai, daga baya a Maraɗi, kuma har na ajiye alli ban taɓa haɗuwa da wannan awa shidan ba. Ban yi masa gardama ba, don na san a ranar kunnensa ba ya tare da shi. Na dai miƙa masa fartanya na ce ya taya ni. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna na rubuta wannan, domin shi da abokansa da suka shiga aikin tare.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a shi ne zama. Na dawo daga karatu da digiri mai zafi, na ɗinka sabuwar riga, na shirya darasin da nake jin zai girgiza Yamai. Aka haɗa ni da wani tsohon malami, Malam Abarshi, gajere, mai yawo da alli a bayan kunne. Ya dube ni sama da ƙasa, ya nuna mini bencin ƙarshe na amfi, wato babban zauren darasi mai hawa-hawa, ya ce in je can in zauna wata guda. Kada in yi magana, kada in taya shi komai. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na tafi na zauna tsakanin wani mai gyangyaɗi da wani mai cin gyaɗa.

Da wata ya cika ya kira ni ya ce, "To, mi ka gani?"

Na ce, "Gaskiya, Malam, ban ga komi ba. Rabin allon kawuna sun tare shi. Muryarka kuwa ba ta wuce layi na takwas."

Ya ce, "Madalla. Su ma da ke can abin da suke gani ke nan, kuma jarrabawa guda za ka yi musu da na gaba. Gobe kai za ka hau."

A bencin nan na gane cewa idan malami ya ce "kun gane?", mutum goma na gaba ne suke amsa wa ɗari biyu. Na gane kuma na baya ba malalata ba ne. Yawancinsu daga unguwanni masu nisa suke tahowa a ƙafa, kafin su iso an cinye gaba. Tun daga lokacin, duk ajin da na shiga sai na fara jiƙa tsumma na ja layi a allo daidai ƙirjina, ƙasa da layin nan ba na rubuta ko harafi ɗaya. Ba na kuma koyarwa a tsaye wuri guda. A duk sashenmu babu wanda ya kai ni cinye takalmi, matata shaida ce.

Kayan aikina ba su da yawa. Alli da tsumma. Ƙarfen huda ƙasa, wanda ake murɗawa ya fito da ƙasar ciki. Farar kwalba: ka zuba ƙasa, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka ajiye. Yashi ya fara kwantawa, laka ta zo daga ƙarshe, ɗalibi ya gani da idonsa abin da shafi uku na Faransanci suka kasa gaya masa. Sai kaye, littafin rubutu mai baƙin bango, inda nake rubuta sunan kowane ɗalibi da garinsu da abin da ake nomawa a gidansu. Na'urar haska bango ta zo daga baya, na kuma yi aiki da ita, ba na ƙinta. Sai dai ranar da wuta ta ɗauke, ita ma ta tafi hutu ta bar ka da mutum ɗari suna kallonka.

Duba takardun jarrabawa shi ne aikin da ba wanda yake gani. Kafin in fara sai na ninke kusurwar da suna yake, na danne da allura, don na kama kaina sau ɗaya ina yi wa wani sassauci saboda yana gaishe ni da kyau. Ba na duba takarda ɗaya daga farko har ƙarshe. Tambaya ta ɗaya nake bi a duk takardun, sannan ta biyu, don kada mai kyan rubutu ya ruɗe ni, marar kyan rubutu ya sha haushina. Ba na dubawa da yunwa. Bayan kowace takarda goma sai na tashi na zaga tsakar gida, don na lura ta goma sha ɗaya ita ke biyan gajiyar goman farko. Duk da haka, in ka tambayi tsofaffin ɗalibaina abin da suke tunawa da ni, ba wannan za su ce ba. Ƙoƙo za su ce.

Ƙoƙon shan fura ne na gidanmu, bakinsa ya ɗan tsage aka ɗinke. Dalilinsa kuwa masu sayen hajar tamu ne, wato ɗalibai, don ba iri ɗaya ba ne. Akwai 'yan birni da suka fito manyan makarantu, Faransanci a bakinsu kamar ruwa, ko ba su san amsa ba sai su yi ta zuba har ka ɗauka sun sani. Akwai 'yan ƙauye da suka san ƙasa da tafin hannu, sun san mai riƙe ruwa da mai zubar da shi, amma in ka ce su faɗa sai harshe ya ɗaure. Akwai mata, da suke taruwa kusurwa guda kusa da ƙofa. Akwai kuma dattawa, ma'aikatan gona da aka turo ƙarin karatu, masu furfura da 'ya'ya a gida. In ka ce "wa zai amsa?", hannu biyar ɗin nan dai za ka yi ta gani har shekara ta ƙare.

Sai na rubuta sunan kowa a 'yar takarda, na nannaɗe, na zuba a ƙoƙo. Wanda ya fito shi ke magana. In Faransanci ya ƙi, ya faɗa da Hausa, mu taru mu sa wa maganar rigar Faransanci. Sannan na ƙara doka ta biyu, wadda na fi alfahari da ita: kowa yana da abokin gyara. Ka yi aikinka, abokinka ya tashi gaban aji ya nemo inda ka kauce, kai ma ka nemo nasa, kuma gyaran yana da maki kamar aikin. Ba don mugunta ba. Ma'aikacin gona da ba zai iya ce wa manomi "nan ka yi kuskure" ba, gonar mutane zai kashe da ladabi. Nakan ɗaga ƙoƙon in ce, "Wanga bai san ɗan birni ba, bai san ɗan ƙauye ba, bai san mace ba, bai san namiji ba." Ina faɗin haka ina jin kaina sarkin adalci.

Muguwar shekarar ta zo ina da kusan shekara ashirin a aiki. Yajin aiki ya cinye mana watanni. Malamai su dawo ɗalibai su fita, ɗalibai su dawo malamai su fita. Da aka daidaita, abin da ya rage mana sati bakwai ne a tsakiyar bazara, a koyar da abin wata huɗu. Da jiƙaƙƙen tsumma a wuya muke shiga aji. Babu lokacin yawan rubutattun gwaje-gwaje, don haka nauyin makin darasina ya koma kan aikin fili da gyaran baki. Ajin shekara ta uku ne, mutum arba'in da 'yan kai. Na girgiza ƙoƙo a satin farko, na haɗa su biyu-biyu, na ce haɗin nan ba ya canzawa. Wakiliyar ajin, wata Zainabu mai kaifin baki, ta nemi a raba ta da nata abokin don malalaci ne. Na hana gaban kowa, na ce ko ɗana ne ba zan canza ba.

Cikin waɗanda ƙoƙo ya haɗa akwai Sanusi da Malam Lawali. Sanusi ɗan Gabi ne, ya kusa shekara talatin, ya yi koyarwa a makarantar ƙauye kafin ya shigo. Maimaita ajin yake yi, don shekarar da ta gabata mahaifinsa ya rasu ana tsakar jarrabawa, ya koma ya riƙe gida. Dokar kuwa a fili take: wanda ya faɗi sau biyu a aji ɗaya, ya tattara ya tafi. A rubuce babu kamarsa a ajin, kuma na san shi da yawan tambaya. Malam Lawali kuma dattijo ne daga Sarkin Yamma, ya haura hamsin, ya shekara ashirin da biyar yana aikin gona a karkara kafin a turo shi wannan shekarar. Na ce a raina, kai, ƙoƙo ya yi haɗi, ga ilimin takarda ga ilimin fili.

A gyaran farko Malam Lawali ya karanta aikinsa, da kuskure a ciki wanda ko daga bencin ƙarshe ana hango shi. Na ce Sanusi ya tashi. Ya tashi, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Daidai ne, Malam." Na ce duka? Ya ce duka. Na juya ga Malam Lawali ya gyara na Sanusi, shi kuma ya dubi taga ya ce ba shi da abin cewa. Na ba kowannensu biyu bisa ashirin. Gyara na biyu haka, na uku ma haka.

Na kira Sanusi ofis. "Mi ke damunka? Bara kai ke hana ni shan ruwa da tambaya."

"Ba komi, Malam."

"Ka san in ka hwaɗi bana korarka za a yi?"

"Na sani, Malam."

"In hurhura kake jin nauyi, ga 'yan'uwanka nan suna gyara wa sa'o'in iyayensu, sama ba ta hwaɗo ba."

Ya sunkuyar da kai. Na fusata, na faɗa masa abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce in ba zai iya buɗe baki ba, ya koma Gabi ya bar wa wani kujerar. Ya ce, "To, Malam," ya fita a hankali ya ja mini ƙofa. Na buɗe kaye na duba makinsa. In bai samu sha huɗu a gyaran ƙarshe ba, ya tafi ke nan.

Fitar fili ta ƙarshe nan Madarumfa na kawo su, garkar Yaya Hajo a bakin tafki. Kowace shekara haka nake yi, ita ta samu masu duba mata ƙasa, ni in samu aji marar bango. Kowa aka ba shi fangalin da zai bincika ya rubuta rahoto. Malam Lawali ya faɗa kan fangalin tumatir ɗin da ya fi damunta, ganye ya yi rawaya, bakinsa ya ƙone, saman ƙasar da wani farin ɓawo. Da rana ta take, Yaya ta fito da kwaɗon zogale da soyayyen kifin tafki. Ni kuma, sarkin dabara, na ce kowa ya ci kwano ɗaya da abokin gyaransa, su tattauna aiki suna ci.

Ban kai loma uku ba na ji muryarta daga rumfa. "Isuhu! Zo nan."

Ita kaɗai ta rage a duniya mai kirana haka gaban ɗalibai. Na je.

"Wa ya haɗa waɗancan biyu kwano guda?"

Na waiwaya. Malam Lawali yana zaune shi kaɗai gaban kwano, bai taɓa ba. Sanusi kuwa ya ɓace.

"Ƙoƙo ya haɗa su, Yaya."

"To ƙoƙon nan naka bai da kunya, kai ma da kake girgiza shi haka. Yaron nan ɗiyar dattijon nan yake aure."

"Wa ya gaya miki?"

"Sai an gaya mini? Tun da sahe nike kallonsu. Sau ukku ya wuce ta bayanshi, sau ukku yana tuɓe takalmi, cikin ƙaya. Ya kai mashi buta bai dube shi ba. Yanzu ga shi can bayan gawo wai ya ƙoshi, mutumin da ya wuni yana haƙa. Wanga karatu naka, Isuhu, ido yake ci?"

Ta zuba wani kwano ta ɗauka da kanta ta nufi gawon, ta bar ni tsaye da kifi a hannu. Kunya ta rufe ni. Ni da aka haifa a garin nan. Ni da na shekara ashirin da aure ban taɓa kai loma baki gaban mahaifin matata ba, ban taɓa kiran sunansa ba, in ya shigo ta wannan ƙofa nakan nemi waccan. Abin da nake yi a gida ke nan, amma in na iso ƙofar jami'a sai in tuɓe shi in rataye, in ɗauka kowa ma ya rataye nasa. Sati shida ina tsayar da mutum gaban jama'a ina cewa ya ƙaryata surukinsa, ina ba shi biyu don ya ƙi. Kayena yana da garin kowa da abin da suke nomawa, amma ba shi da wannan.

Bayan azahar na ja Malam Lawali gefen ruwa. Ban yi kwana-kwana ba, na tambaye shi. Ya yi dariya irin ta wanda aka sauke wa kaya.

"Ɗiyata ta hwari ce a gidanshi, shekara huɗu ke nan. Ranar da na shigo aji na gan shi, sai da na ji kamar in koma."

"Mi ya hana ku gaya mini?"

"Ƙaƙa za mu hwaɗi, Malam? Shi ba ya iya kawo maganata, ni ba na iya kawo tashi. Kuma kada ka ɗauka shi kaɗai ke shan wuya. Rabin abin da kake koyarwa ya wuce ni. Amma in ɗaga hannu in ce ban gane ba, gaban mijin ɗiyata?"

Ashe ɗalibi biyu na rufe wa baki, ba ɗaya ba. Na gaya masa halin da Sanusi yake ciki. Bai sani ba, don Sanusi ya ɓoye ko a gida. Dariyar ta ɗauke masa. "Kora?" ya ce. "To ni in janye. Ni ina da aikina, shi ne bai da."

Na ce babu mai janyewa. Raba su kuma ba zai yiwu ba. Na hana Zainabu da bakina gaban kowa, kuma ko na raba, a zaure guda za a yi jarrabawar, Sanusi ba zai ɗaga murya ba. Ba na kuma son a yafe masa gyaran, don in ya fita aiki dattawa zai tarar a kowace gona. Muka tsaya muna kallon masunta suna jan taru. Can sai na ce, "To a gida, in kana da magana mai nauyi da shi, ƙaƙa kake yi?"

"A'a, ai sai in aika. In gaya wa ƙanena, ya kai mashi. Shi ma in yana da tashi ta nan take biyowa. Ko muna zaune zaure guda, haka ake yi."

Na ce ya maimaita mini wannan ta ƙarshen. Ya maimaita.

Washegari na shiga aji na ce akwai sabuwar doka, ta kowa da kowa. A gyaran ƙarshe duk wanda ya ga dama yana iya neman manzo. Ba zai dubi abokinsa ba, zai dubi manzo ya ce "a gaya masa kaza", manzo ya isar. Makin iri ɗaya, tsananin iri ɗaya. Zainabu ta ɗaga hannu tun ban rufe baki ba.

"Malam, saura kwana biyar ake canza doka? Ni da na roƙa an ce ko ɗanka ne."

Na ce, "Haɗi bai canza ba, hanyar magana ce ta ƙaru. Kuma na ƙara ta don na yi kuskure, ba don wani ya roƙa ba."

Ban kira sunan kowa ba. Da aka tashi ta biyo ni waje. "Malam, wai da ba ka sani ba? Ai duk aji an sani. Mun ɗauka kai ma ka sani, da gangan kake yi don ka horar da su."

Wannan ta fi ta Yaya zafi. Mutum arba'in sun zauna sati shida suna ɗauka ni mugu ne, alhali makaho ne kawai. Kafin ta tafi ta ce in ana neman manzo, ga ta.

Ranar jarrabawar ba ni kaɗai ke ba da maki ba. An haɗa ni da Dokta Amadu, abokin aikina, wanda ba da maki a wurinsa kamar ana cire masa haƙori. Da na bayyana masa tsarin ya cire tabarau ya ce, "Wanga jarrabawa ce ko neman aure?" Na ce ya zauna dai ya gani. Mutum tara suka nemi manzo, shida mata, kuma biyu daga cikinsu ranar na fara jin cikakkiyar magana daga bakinsu.

Aka zo kan namu. Malam Lawali ya karanta rahotonsa: tumatir ɗin yunwa yake ji, a ƙara masa takin zamani. Ya zauna. Sanusi ya fito, ya tuɓe takalmi, ya juya gefe yana fuskantar Zainabu. Ya buɗe baki ya rufe. Dokta Amadu ya dubi agogo, ya ɗauki bik ɗinsa, wato biro. Tsoro ya kama ni, don na san in ya rubuta ba ya gogewa.

Sai Malam Lawali ya gyara murya, ba ma lokacinsa ba ne, ya dubi Zainabu ya ce, "Ɗiyata, a gaya mashi, in ya bar kuskure guda cikin takardar nan bai hwaɗa ba, ya ci amanata."

Zainabu ta juya, ba ko murmushi, ta ce, "An ce a gaya maka, in ka bar kuskure guda, ka ci amana."

Sanusi ya ja numfashi. "A gaya wa Baba," ya ce da Hausa, sauran kuma ya zuba da Faransanci tsaf. A gaya wa Baba tumatir ɗin ba yunwa yake ji ba, gishiri ne ya taso masa, farin ɓawon nan shi ne shaida. Ya kwance ƙullin takarda ya ajiye ɓawon gaban Dokta, Dokta ya dangwala ya lasa ya yamutse fuska. A gaya wa Baba ana ba fangalin ruwa kaɗan-kaɗan, rana ta shanye ruwan ta bar gishirin a sama, kuma in aka ƙara takin zamani, gishiri aka ƙara a kan gishiri. Maganin shi ne a sake masa ruwa mai yawa lokaci guda ya wanke ƙasar, a haƙa magudana ruwan ya fita, a zuba takin gida. Kuskure biyar ya fitar, kowanne da "a gaya wa Baba" a gabansa, Zainabu tana isarwa, dattijon yana gyaɗa kai yana rubutawa. Dokta ya jefa masa tambaya uku, ya amsa duka. Ni na rubuta sha shida. Na leƙa takardar Dokta na ga sha biyar, na kuma san sai da ya ji zafin rubuta ta.

Sannan Sanusi ya karanta nasa rahoton, na fangalin da ke kusa da wancan mai irin ciwon, aka ba Malam Lawali gyara. Ya dubi Zainabu. "A gaya mashi, lissahinshi ba ni da ja. Amma magudanar da ya zana gabas ta nuhwa. Ni na taka wurin da ƙahwata. In an haƙa yadda ya ce, ruwan gishirin garkar maƙwabci zai shiga, sai an kai mu gaban mai gari. Yamma za a bi da ita."

Aji ya fashe da dariya. Sanusi ya duba zanensa, ya ce a gaya wa Baba ya yi gaskiya. Dattijon ya tattara takardunsa ya miƙe, har ya juya zai koma wurinsa, sai ya tsaya.

"Saura guda. A gaya mashi ban yi asarar ɗiya ba."

Wannan Zainabu ba ta isar ba. Ba a ma buƙaci isarwa ba. Sanusi ya durƙusa ya ɗauki takalmansa ya fita da su a hannu.

Duka biyun sun tsallake. Tumatir ɗin Yaya ya farfaɗo a rani na gaba, da magudana ta yamma, kuma har gobe tana cewa ita ta ci jarrabawar. Ban jefar da ƙoƙo ba, ban kuma soke dokar manzo ba. Amma daga shekarar ba na girgiza shi sai na yi sati biyu ina kiran ɗalibai ɗaya-ɗaya, ina tambayar wa ke da wa a ajin, wa ke jin nauyin wa. Kayen ya ƙara shafi. Wannan zaman, Nasiru, ba ya cikin awa shidanka. Ƙoƙon yana nan rataye a rumfa, in ka zo ka ɗauka, amma sai ka fara yin wata guda a bencin ƙarshe.

Sallar da ta wuce su biyun sun zo gaishe ni a garka, a kan moto biyu, ɗaya na bin ɗaya da tazara. Garkata jikin ta Yaya take, gawon nan yana tsakaninmu. Sanusi yanzu shi ke kula da aikin gona a yankinsu, an ce dattawan Gabi ba sa zuba taki sai sun ji ta bakinsa. Malam Lawali ya ajiye aiki, ya ƙara furfura. Muka sha hira, ni ne manzo. Da aka kawo abinci na ga Sanusi ya fara dube-dube. Ban bari ya ce ya ƙoshi ba. Na ɗauki tabarma da kwano guda, na kai masa bayan gawo da kaina.